Na'urar da Yaya Ya Bari a Ɗakin Baya

Daga cikin jirgi

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, Mama ma tana lafiya. Yaya ƙafar tata? Maganin hawan jinin nan kuma, kada ki yarda da "na sha" ɗinta sai kin ga ta haɗiye. Ni lafiya lau nake. Aman ya daina, yanzu har loma nake kaiwa baki jirgi yana rawa.

Ki daina yi min faɗa a kan rashin kira. Na san abin dariya ne, mu ne muke shimfiɗa wayar intanet a ƙarƙashin teku don duniya ta sha hira, amma mu sai sau ɗaya a mako kamfani yake sakin mana layi, shi ma rubutu kawai, ba murya ba hoto. Kowa ya rubuta tasa ya ajiye, in an buɗe namu su fita, naku su shigo, a sake rufewa.

Sai maganar amanar da na bar miki a ɗakin baya. Kin ce Mama ta tambaye ki aikin me kwamfutar take yi da ba a kashe ta, kin ce mata "lissafi." Haba malamar lissafi, iya abin da kika riƙe ke nan daga bayanina? To ga shi a rubuce. Ni da wasu mutane mun daɗe muna rubuta manhajar wani sabon kuɗin kirifto. Babu banki a tsakiya. Duk cinikin da aka yi, na'urori da yawa a wurare daban-daban ne suke dubawa su sa hannu cewa gaskiya ne. Tawa ɗaya ce daga cikinsu, kuma tana sa hannu ne da mabuɗina, wato wani dogon sirri da ke cikinta wanda yake tsaye a madadina.

Yanzu gwaji ake yi. Duk wanda na'urarsa ta kai ƙarshen gwajin ba a kama ta da laifi ba, za a ɗauke shi aiki na dindindin, kuma daga ɗakinsa zai riƙa yi. Kin gane inda na dosa? In Allah ya yarda wannan kwantiragin jirgin shi ne na ƙarshe. In dawo gida in zauna, in karɓe ki kai Mama asibiti, ki huta da neman izini wurin shugaban makarantarku mai shan mur ɗin nan. Ina sane da cewa ke kaɗai na bar wa komai, kuma abin yana damuna fiye da yadda nake nunawa.

Linux na sa mata, ba irin manhajar kwamfutocin makarantarku ba ce. Ba ta son komai sai wuta da intanet da a ƙyale ta. Ki riƙa kaɗe mata ƙura. Batirin sola kuma nata ne da fitilu da fankar Mama. Kada ki jona masa dutsen guga. Na san ki.

Yayanki

*

Daga gida

Yaya,

Wa alaikumus salam. Mama lafiya lau, ƙafar ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda. Maganin a gabana take sha, tana hararata tana haɗiyewa. Ta ce in gaya maka ka daina tsayawa a bakin jirgi.

Wasiƙar nan na rubuta na goge har na gaji, don haka zan faɗe ta kai tsaye. Na jona dutsen gugar.

Ranar da masu duba makarantu za su zo ne. Wutar gari babu, kayan da zan sa kuma kamar an ƙwato su daga bakin akuya. Na ce ai ɗan lokaci ne, batiri ba zai ma san an yi ba. Ban gama hannun riga ɗaya ba na ji ƙit, fanka ta tsaya, komai ya ɗauke. Na ruga ɗakin baya. Da batirin ya dawo hayyacinsa na kunna kwamfutar, sai ta kawo baƙin allo da fararen rubutu suna ta gudu, can suka tsaya cak. Wani ɗan layi ne kawai yake ƙyaftawa a ƙasa. Daga abin da na iya karantawa, ashe tana tsakiyar sabunta kanta na yanke mata wuta.

Na kashe na kunna, na sake kashewa na kunna, ko gezau. Haka na tafi makaranta da riga hannu ɗaya a goge, kuma wallahi ban san me na koya wa yaran nan ba ranar. Masu dubawar ma ba su leƙo ajina ba.

Yaya, ka gaya min, ka ja min kunne a rubuce, amma na yi. Ba ni da abin cewa. Duk lokacin da na wuce ƙofar ɗakin nan na ji shiru sai in ji kamar in nutse. Ban gaya wa Mama ba, ta tambaya na ce hutawa take yi. Don Allah ka rubuto min abin da zan danna, ɗaya bayan ɗaya, zan bi ba ƙari ba ragi. In kuma zagi ne ka fara da shi, na cancanta.

Autarku

*

Daga cikin jirgi

Auta,

Salam. Na ga saƙonki. A gaida Mama. Na'urar kuma ki bar ta haka, kada ki sake taɓa ta. Na san yadda zan yi. Za a rufe layi.

Yayanki

*

Daga gida

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Mama ta ɗan yi mura ta warke. Ina fatan kai ma lafiya ce ta sa mako ya zagayo bai kawo komai daga wurinka ba.

Na karanta 'yar wasiƙarka har na haddace ta, dama ba wuyar hadda gare ta ba. Kai da kake cika shafi a kan yadda ake kaɗe ƙura, yau kai ne da "ki bar ta haka." Da ka zage ni da ya fi min sauƙi. Ko lafiyar ƙafar Mama ba ka tambaya ba, a nan na san ranka ya ɓaci matuƙa.

Kuma "na san yadda zan yi" ɗin nan, ni za ka gaya wa? Kana tsakiyar teku, layi sau ɗaya a mako, me za ka yi? Kalmar da ka faɗa ke nan lokacin da aka hana ka gurbin ƙaro karatu, ita ka faɗa ranar da Baba ya rasu. Duk sanda ka faɗe ta na san babu wata dabara, kawai so kake mu yi barci. Abin da na fahimta shi ne ka yanke ƙauna, ka haƙura da aikin, kuma ba ka son in ƙara ɓata abin da na riga na ɓata.

To ka yi haƙuri, a wannan karon ba zan ji maganarka ba. Ni na kashe ta. Ba zan zauna ina kallonka kana ƙara shekaru a kan ruwa saboda hannun riga ba.

Na samu wani dandali a intanet inda masu amfani da Linux suke taimakon juna kyauta. Na ɗauki hoton baƙin allon na sa, na ce ni malamar makaranta ce ban san komai ba. Wasu sun yi min rashin kunya, wani ya ce in je in karanta littafi tukuna. Amma akwai wani dattijo, ya ce shi likitan haƙori ne da ya yi ritaya, wannan abin shi ne abin ɗebe kewarsa. Shi yake bi da ni a hankali kamar mai koya wa yaro tafiya. In na taso daga makaranta na ba Mama abinci, sai in shige ɗakin baya da wayata da kujerar roba. Yanzu na san ba ta jin magana sai an fara ce mata sudo, kamar shugaban makarantarmu da sai ka ce "ranka ya daɗe" kafin ya ɗago kai.

Idan na ƙara lalata ta, ai dama a mace take.

Auta

*

Daga gida

Yaya,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau. Shirunka ya fara damun Mama, na kira ofishin kamfaninku suka ce jirgi lafiya, na'urar sadarwarku ce ta samu matsala. Na gaya mata, ta ce to ai ga Auta nan, su turo min ita in gyara.

Dalilin da ya sa ta faɗi haka shi ne: Yaya, na'urarka TA TASHI!

Bari in ba ka labari, ko ba ka so sai ka ji. Da farko likitan haƙori ya sa na zuba Linux a filas, ɗan ma'ajin nan da ake jonawa, a kwamfutar makaranta, na zo na tashe ta daga filas ɗin. Daga nan muka sa ta duba rumbun ajiyarta. Ta yi ta tambayata in gyara wannan, in gyara wancan, ina ta cewa eh har yatsana ya yi tsami. Ta tashi, amma sai ta ce ba ta san wani abu wai shi intanet ba. Ashe sabuwar zuciyar manhajar da take sakawa lokacin da na yanke wutar rabi ta shiga. Sai dattijon ya nuna min yadda zan zaɓi tsohuwar tun daga farkon kunnawa, na jawo waya daga falo na jona mata kai tsaye, Mama tana tsallakawa tana mita, sannan muka sake sabuntawar daga tushe. Na zauna a gaban batirin nan kamar mai gadin mara lafiya, ko waya ban bari an yi caji ba.

Na ɗauka an gama, sai manhajarka ta kuɗin ta ƙi tashi, wai babu wuri. Kai ma ka yi naka sakacin, ka bar ta tana tara bayanan duk motsin da ta yi ba ka sa ta riƙa zubar da tsofaffi ba, rumbu ya cika dam. Na share, na kuma gyara saitin yadda ba za a sake ba. Ba sai ka gode ba. Sai agogonta, da ya koma wata shekarar da ko aure Mama ba ta yi ba. Ɗan batiri ne mai kama da maɓallin riga, na saya a shagon mai gyaran agogo na canja da hannuna.

Daga nan ta yi kwanaki tana bin sawun 'yan uwanta na'urori, tana karɓo duk abin da ya wuce ta. Kafin in ba ta umarnin ta ci gaba da sa hannu, dattijon ya tambaye ni wai na tabbata babu wata na'urar da take aiki da wannan mabuɗin? Na yi dariya na ce mai mabuɗin yana tsakiyar teku, ko muryarsa ba ma samu, ina zai ga na'ura? Ya ce in jira in tambaye ka. Na ce in na jira ka sai gwajin ya ƙare. Na danna. Layuka suka fara fitowa kore shar, ɗaya bayan ɗaya. Na yi ihu har Mama ta taho ba takalmi.

A nan na gaya mata komai, har da dutsen gugar. Ta ce, "Amma dai ke an yi ja'ira." Sannan ta ce, "Yanzu dai zai dawo ke nan?" Na ce in sha Allahu. Tun ranar ba ta zauna ba. Ta sa an kwashe tarkacen da muka jibge a ɗakinka, ta kira mai fenti, suna ta ciniki.

Ka huce yanzu?

Auta

Ƙari: Na manta. Ba ta daɗe tana koren ba ta fito da wani jan layi, ta daina sa hannu, amma fankarta tana juyawa lafiya. Ina jin wani ɗan saiti ne. Na tura wa likitan haƙori hoton. Shi da yake amsa min nan take, wannan karon ya daɗe, sannan ya ce in fara magana da kai. Me take nufi?

*

Daga cikin jirgi

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Iska ce ta karya mana farantin sadarwa, sai yanzu aka gyara. Na ji daɗi da murar Mama ta wuce. Wasiƙunki biyu da ta Dogo abokina tare suka shigo, na karanta su a tsaye, sannan na nemi wuri na zauna.

Ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yi kuka.

Kafin in taho na bar wa Dogo kwafin mabuɗina a rufe, saboda tsaro. Ranar da kika gaya min ta mutu, na rubuta masa ya buɗe, ya tashi wata na'urar a wurinsa ta ci gaba da sa hannu a madadina. Ya yi, ta kama aiki. Abin da nake nufi ke nan da na san yadda zan yi. A karon nan da gaske nake.

Ga dokar da ban taɓa gaya miki ba. Na'urar da ta yi shiru ana yi mata uzuri, wuta tana ɗaukewa ko'ina. Amma idan mabuɗi ɗaya ya sa hannu daga wuri biyu a lokaci guda, manhajar tana ɗaukar mai shi a matsayin mayaudari, ta kore shi har abada. Da taki ta tashi, ta Dogo tana aiki. Jan layin da kika gani ke nan. Babu ofishin da za a je a yi bayani, babu wanda yake da ikon mayarwa. Na sani, don wannan ɓangaren ni na rubuta shi da hannuna. Lokacin wata daga cikinmu ta ce a bar ƙofar afuwa ga wanda ya yi kuskure, ni na tsaya kai da fata na ce a'a, mai hankali ba zai yi wannan kuskuren ba.

Auta, ba laifinki ba ne. Ranar nan shafi biyu na cika wa Dogo, har da inda zai ajiye na'urar don iska. Da na waiwayo kanki layi ya kusa rufewa. Jimla ɗaya ta ishe ni, "Dogo zai tashi wata, in kika kunna wannan mun shiga uku," amma ban rubuta ba. Na gaya wa kaina wai ba na son ki ji kamar na ƙwace amanar daga hannunki. Gaskiyar ita ce ko a mafarki ban kawo za ki iya tashinta ba, shi ya sa ban ga amfanin bayani ba, ban kuma ce wa Dogo ya kira ki ba. Na raina ki. Na karanta yadda kika bi ta daki-daki, har saitin da na yi sakaci kika gyara, ban san lokacin da na yi murmushi ba, alhali na riga na san ƙarshen labarin. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Kamfani ya daɗe yana bina in sabunta kwantiragi ina ja musu rai. Zan sa hannu.

Alfarma ɗaya nake nema. Kada ki gaya wa Mama tukuna. Ki ce an ƙara wa gwajin lokaci. Ki bar ta ta yi fentinta, in na zo hutu zan lallaɓa ta da kaina. Ki kashe na'urar ki rufe ta da zane.

Ki yafe min.

Yayanki

*

Daga gida

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Jinin Mama ya ɗan hau, mun je asibiti, ya sauka. Ban bi umarninka na farko ba, tun a tsakiyar wasiƙar na fara kukan.

Ba za ka kwashe laifin nan kai kaɗai ba, ka bar min kasona. Ka ce kada in jona guga, na jona. Ka ce kada in taɓa ta, na taɓa. Bawan Allahn nan ya yi min tambayar da ta dace a lokacin da ya dace, na yi masa dariya. Kuma in zan faɗi gaskiya, ba don gwajin kaɗai na ƙi jiranka ba. So nake ka buɗe wasiƙa ka ga na gama, ka ji kunyar abin da ka rubuto min. To ga shi ka ji, ni kuma ban ga abin da na samu ba. Na rubuta wa dattijon na gaya masa yadda aka yi. Ya ce shi ma bai yi barci ba, da ya sani da ya dage. Har shi mun shafa masa.

Na kashe na'urar yadda ya kamata, da umarni, ba da zare waya ba.

Alfarmar da ka nema kuwa ban yi maka ba. Na gwada. Na shiga ɗakinka na samu Mama tsaye a kan mai fenti tana nuna masa inda ya tsallake a bayan ƙofa. Na buɗe baki zan ce an ƙara lokaci, sai na ga ai abin da ya kai mu nan ke nan, kai kana rage min magana don kada in damu, ni ina ce wa Mama na'ura hutawa take yi. Na jira mai fenti ya fita wanke hannu, na zaunar da ita a bakin gado na gaya mata duka.

Ba ta gane zancen mabuɗin ba sai da na maimaita. Ta ce, "Wato shi ya sa an kunna a can, ke kin kunna a nan?" Na ce eh. Ta ce, "Kuma ba wanda ya gaya wa wani?" Na ce eh. Ta ce, "To wa ya kore shi?" Na ce dokar da ya rubuta da kansa. Da mai fenti ya leƙo ya ce a ci gaba ne, ta ce ya ƙarasa, ba a barin ɗaki rabi.

Ba ta yi min faɗa ba, kai ma ba ta yi maka ba, kuma wannan ya fi komai ci min rai. Yanzu tana zaune kusa da ni, ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa, kada in gyara:

"Ka gaya min wata nawa ne sabon kwantiragin. Kada ka rage min ko ɗaya don ka lallashe ni. Ni ba yarinya ba ce, in na san adadin zan iya jira."

Na karanta mata, ta ce haka ne. Don haka ka rubuto adadin, Yaya, a cike. Ni zan karanta mata.

Autarku